Tambaya da Amsa: Wane Suna Zan Raɗa wa Sabon Kasuwancina?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga batu guda, wato sunan da mutum zai raɗa wa kasuwancin da yake shirin buɗewa. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na kammala koyon ɗinki, na sayi kekuna biyu, ina kuma shirin buɗe wurin ɗinkin kayan mata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne suna. Mahaifiyata tana so in sa sunana, maigidana yana so in sa sunan 'yarmu ta fari, ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da kalma irin su Nasara ko Alheri. Wanne ya fi dacewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sanya albarka a cikin wannan sana'a. Mutum uku kika lissafa, kowa da sunan da yake so, amma akwai ta huɗu da ba a nemi ra'ayinta ba, alhali ita ce za ta fi kowa furta sunan. Ina nufin matar da za ta sanya rigar da kika ɗinka, wata ta gan ta ta tambaye ta, "Wa ya yi miki wannan ɗinki?" A wannan lokaci ba kya wurin, allon shagonki ma ba ya wurin. Abin da zai wakilce ki shi ne kalma ɗaya ko biyu da za su fito daga bakin wannan mata, su shiga kunnen ƙawarta, su zauna a ƙwaƙwalwarta har ranar da za ta tashi neman tela. Idan sunan ya yi tsawo za a gutsure shi, idan yana da wuyar faɗa za a kauce masa a ce "wata mata ce," idan kuma ya yi kama da na wasu goma, mai neman ki za ta iya faɗawa hannun ɗaya daga cikin goman. Da wannan ma'auni nake so mu duba shawarwarin uku.

Shawarar mahaifiyarki tana da ƙarfi, domin mutane sun fi sakin jiki da wanda ya ɗora sunansa a kan aikinsa, ganin cewa ba shi da niyyar ɓuya ranar da aiki ya ɓaci. A sana'a irin taki, wadda hannun mutum ɗaya da idonsa ake saya, wannan ya fi tasiri, kuma shi ya sa manyan gidajen ɗinki na duniya irin su Chanel da Dior suke ɗauke da sunayen waɗanda suka kafa su. Sai dai ki san cewa daga ranar da kika rubuta sunanki a allo, ya zama kadarar kasuwanci, kuma kadara tana iya canza hannu. A shekarar 1961 wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Richard da Maurice McDonald, sun sayar wa wani ɗan kasuwa mai suna Ray Kroc kamfaninsu na sayar da abinci a kan dala miliyan 2.7. Sun riƙe shagonsu na asali, amma sunan mahaifinsu ya bi cinikin, dole suka sauke allon suka sa wani suna, sannan wanda ya saya ya buɗe reshe da sunan McDonald's kusa da su. Ko ba a kai ga sayarwa ba, idan kasuwanci ya ci bashi ko ya yi wa wani laifi, sunan da za a riƙa ambata a bakin masu ƙorafi naki ne.

Sunan 'ya ma yana da tarihi. Motar Mercedes ta samo sunanta ne daga 'yar wani ɗan kasuwa mai suna Emil Jellinek, wanda yake sayar da motocin kamfanin Daimler, kuma an yi wa sunan rajista a 1902. Duk da haka ina roƙon ki da maigidanki ku yi tunani a kan abu biyu. Na farko, yarinyar ba ta zaɓi a buga sunanta a rasit da leda da shafukan intanet ba, kuma za ta girma ta tarar da shi a can, ko kasuwancin ya yi suna mai kyau ko akasin haka. Na biyu, idan Allah ya ba ku wasu 'ya'yan, sunan ɗaya a kan dukiyar gida yana iya zama abin magana a tsakaninsu wata rana.

Amma Nasara da Alheri, ba su da aibu ta fuskar ma'ana ko daɗin faɗa. Matsalarsu ita ce kowa yana son su. Ki rubuta ɗaya daga cikinsu a wurin bincike na Facebook ko Instagram ki ga yawan masu sana'ar da za su fito. Idan kin nace a kan irin wannan kalma, to ki haɗa ta da wata wadda ba a saba jin su tare ba, yadda haɗin zai zama naki ke kaɗai.

Idan ra'ayina kike so, na fi karkata ga sunanki, ko laƙabin da waɗanda kika riga kika yi wa ɗinki suka san ki da shi, muddin gajere ne. Ki tuna cewa ƙyallen da ake liƙawa a wuyan riga bai wuce faɗin yatsu biyu ba, kuma a nan ne sunan zai fi yin aiki. Kafin ki biya mai rubuta allo, ki kira wasu mutane a waya, har da dattijuwa guda da yarinya guda, ki faɗa musu sunan sau ɗaya tak ba tare da bayani ba. Washegari ki sake kiran su, ki ce su maimaita shi su kuma rubuto miki shi. Sunan da ya dawo miki daidai daga mafi yawansu shi ne ya ci jarrabawa.

Tambaya: Malam, ni matashi ne mai gyaran waya. Ina so sunan shagona ya faɗi abin da nake yi ƙarara, kamar a ce wurin gyaran waya na wane. Amma ina da burin nan gaba in shiga sayar da kwamfuta da kayan lantarki mai amfani da hasken rana. Wani abokina ya ce irin wannan suna zai ɗaure ni. Gaskiya ne?

Amsa: Abokinka ya faɗi gaskiya, ɗan'uwa, kai ma kana da hujja. Sabon kasuwanci da ba shi da kuɗin talla yana buƙatar mai wucewa ya gane abin da ake yi a ciki da kallo ɗaya, kuma suna mai bayyana sana'a yana yin wannan aiki kyauta. Illarsa tana bayyana ne daga baya, ranar da kaya suka ƙaru amma allo yana nan yana cewa gyaran waya kawai, mai neman kwamfuta ya wuce bai ko leƙo ba.

Mafita ita ce ka raba abu biyu da mutane suke yawan cakuɗawa, wato suna da bayani. Suna ya zama gajeriyar kalma da ba ta ɗaure ka da kaya guda ba, a rubuta ta da manyan baƙaƙe. A ƙarƙashinta a sa layin bayani da ƙananan baƙaƙe, wanda yau zai ce gyaran waya, baɗi kuma a goge a ƙara kwamfuta, ba tare da an taɓa sunan da mutane suka riga suka haddace ba.

Kamfanin Sony ya bi ta wannan hanya. An kafa shi a Japan a 1946 da suna Tokyo Tsushin Kogyo, wanda ya ambaci gari ya kuma ambaci sana'ar sadarwa. Da ɗaya daga cikin masu shi, Akio Morita, ya fara neman kasuwa a Amurka, sai ya ga mutanen can ba sa iya furta sunan. A 1958 kamfanin ya koma Sony, baƙaƙe huɗu da kowane harshe yake iya faɗa, kuma Morita ya ƙi amincewa a liƙa masa wata kalma mai nuna kayan lantarki, domin ba ya so a ƙulle kamfanin a sana'a ɗaya. Daga baya Sony ya shiga harkar waƙa da fina-finai da inshora, sunan bai hana shi ba. Haka ma Amazon, wanda ya fara da sayar da littattafai a intanet a 1995. Da a ce kalmar littafi tana cikin sunansa, da ta zame masa ƙarfen ƙafa. Sunan farko da Jeff Bezos ya yi wa rajista a 1994 shi ne Cadabra, ya kuma sauya shi ne bayan da lauyansa ya ji kamar ya faɗi kalmar Turanci mai nufin gawa. Wannan ya isa ya nuna maka muhimmancin gwada suna a kunnen wani kafin a buga shi.

Akwai kuma dalili na shari'a. A yawancin ƙasashe, hukumomin rajistar alamar kasuwanci, wato suna ko tambarin da yake bambanta kayan wani da na wasu, ba sa ba mutum ɗaya mallakar kalmomin da suke bayyana sana'a kawai, domin sauran masu sana'ar ma suna da haƙƙin amfani da su. Ba za ka iya hana maƙwabcinka rubuta gyaran waya a allonsa ba. Ƙirƙirarriyar kalma kuwa, irin Kodak, sunan kyamarar da George Eastman ya yi wa rajista a 1888, ita ce ta fi samun kariya, ko da yake tana buƙatar lokaci kafin mutane su san me take nufi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, zan fara haɗa sabulu da man shafawa. Na yi tunanin in ɗauki sunan wani sanannen kamfani in canza baƙi ɗaya, domin mutane su yi saurin sabawa da kayana. Na riga na yi wa kasuwancina rajista a hukumar rajistar kamfanoni, an kuma ba ni takarda. Shin wannan takarda ba ta isa ta kare ni ba?

Amsa: Malam, ina ba ka shawara da babbar murya ka janye daga wannan tunani, kuma dalilina na farko ba na shari'a ba ne. Mai sayen da ya ɗauki sabulunka yana zaton na wancan kamfani ne, ranar da ya gane, ba zai ɗauke ka a matsayin mai dabara ba, zai ɗauke ka a matsayin wanda ya yaudare shi, kuma kayan da ake shafawa a fata ba su da jari sama da amana. Idan kuma sabulun ya yi masa kyau, yabon zai tafi ga kamfanin da ka kwaikwaya. Ta kowace fuska kai ne da asara.

Game da takardar, a nan ne mutane da yawa suke rikicewa. Rajistar kamfani ko ta sunan kasuwanci abu ne daban, rajistar alamar kasuwanci kuma abu ne daban, kuma a ƙasashe da yawa ofisoshi biyu ne suke kula da su. Ta farko tana tabbatar wa hukuma cewa akwai kasuwanci mai wannan suna, tana ba ka damar buɗe asusun banki da ƙulla yarjejeniya. Ta biyu ita ce take ba ka ikon hana wasu sa wannan suna, ko mai kama da shi, a kan irin kayan da kake sayarwa. Takardar da ke hannunka ba za ta kare ka ba idan mai alamar ya kai ƙara, domin abin da kotu take dubawa shi ne ko mai saye na yau da kullum zai iya ruɗewa ya ɗauki wannan a matsayin wancan. Canza baƙi ɗaya ba ya kawar da ruɗani, hasali ma yana nuna cewa ruɗanin aka nufa. Sakamakon yana iya kai wa ga hana ka amfani da sunan, da lalata kwalaye da takardun da ka buga, da biyan diyya.

Ana yi wa alama rajista ne a rukuni-rukuni. Tsarin da mafi yawan ƙasashe suke bi ya samo asali daga yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Nis na Faransa a 1957, kuma a yau yana da rukuni 45, wato 34 na kayayyaki da 11 na ayyukan hidima. Sabulu da man shafawa suna rukuni na 3, tufafi suna na 25, gyare-gyare kuma suna na 37. Wannan ne ya sa kamfanoni biyu suke iya ɗaukar suna ɗaya idan sana'o'insu sun yi nisa da juna. Amma ko wannan ba tabbas ba ne, domin sana'o'i suna matsowa kusa da juna. Kamfanin Apple Corps na mawaƙan Beatles na Ingila ya kai kamfanin kwamfuta na Apple ƙara a 1978, aka sasanta a 1981 bisa sharaɗin mai kwamfuta ba zai shiga harkar waƙa ba. Da kwamfuta ta fara sarrafa sauti aka koma kotu, da kamfanin kwamfutar ya fara sayar da waƙoƙi ta manhajarsa mai suna iTunes aka sake komawa, kuma rigimar ba ta ƙare ba sai a 2007. Idan kamfanoni masu tarin lauyoyi sun kwashe kusan shekara 30 a kan kalma ɗaya, mai ƙaramin jari ba shi da abin da zai tsaya da shi.

Abin da ya kamata ka yi shi ne ka zaɓi suna naka na kanka, sannan ka bincika shi kafin ka kashe ko sisi a kan bugu. Ka duba rajistar kamfanoni da rajistar alamun kasuwanci na ƙasarka. Hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, wadda ake kira WIPO, tana da rumbun alamun kasuwanci a intanet da kowa zai iya bincikawa kyauta. Ka duba ko adireshin intanet da sunan shafi a kafofin sada zumunta suna nan ba a ɗauka ba, ka kuma kama su tun yanzu ko da ba ka shirya amfani da su ba. Facebook ya fara ne da thefacebook.com a 2004, kuma sai da ya biya dala 200,000 a 2005 kafin ya mallaki adireshin da yake so. Idan sunan na Hausa ne, ka lura da baƙaƙe masu lanƙwasa, domin yawancin adireshi da sunayen shafuka ba sa karɓar ɓ da ɗ da ƙ, kuma idan lanƙwasar ta faɗi ma'ana tana iya canzawa, kamar yadda ƙasa take komawa kasa. Idan kana da burin kai kaya ga masu wani harshe, ka tambayi mai jin harshen, domin motar Pajero ta kamfanin Mitsubishi sai da aka sauya mata suna zuwa Montero a kasuwannin masu jin Sifaniyanci saboda kalmar ta yi daidai da zagi a can. Bayan an yi rajistar ma tana da wa'adi, shekara 10 a ƙasashe da yawa, don haka ka rubuta ranar sabuntawa a inda ba za ka manta ba. Kuɗin ganin lauya na zama ɗaya a wannan mataki bai kai na sake buga kwalaye ba.

Tambaya: Malam, ni da aminina muka haɗa jari, amma mun kasa daidaitawa a kan sunan wa zai zo farko. Me za mu yi?

Amsa: Bill Hewlett da David Packard sun fuskanci wannan a 1939, sai suka jefa kwabo sama domin a ga sunan wa zai zo farko, kamfanin ya zama Hewlett-Packard. Kuna iya yin ƙuri'a kamar su, ko ku ɗauki suna na uku da ba na kowa ba, wanda shi na fi so. Amma abin da ya fi jerin sunaye muhimmanci shi ne ku rubuta tun yau, ku sa hannu a gaban shaidu, wa zai riƙe sunan idan kuka rabu, da abin da zai biya ɗayan. 'Yan'uwa biyu ne uwa ɗaya uba ɗaya, Adolf da Rudolf Dassler, suke da masana'antar takalma mai sunan gidansu a Jamus, amma da suka ɓata a 1948 kowa ya kama gabansa da sabon suna, ɗaya ya kafa Puma, ɗaya ya kafa Adidas. Rubuta sharaɗin rabuwa ba fatan rabuwa ba ne, kuma yana da sauƙin yi yanzu da sunan bai riga ya yi daraja ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan da buɗe kasuwancina, kuma na lura masu saye ba sa kiran sunan da na rubuta a allo. Sun gajarta shi zuwa wata kalma da ban zaɓa ba, har masu kawo mini kaya ita suke faɗa. In gyara musu, ko in canza sunan gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki gyara musu. Abin da wasu suke kashe kuɗi su gano, ke an ba ki shi kyauta, domin masu sayenki sun nuna miki sunan da bakinsu ya karɓa. Muddin kalmar ba ta da mummunar ma'ana kuma ba ta wani ba ce, ki ɗauke ta. Kamfanin aika saƙonni na Federal Express ya ga mutane sun daɗe suna ce masa FedEx, sai ya mayar da wannan gajeren suna alamarsa a 1994.

Wata takwas ba lokaci ne mai tsawo ba, kuma sauyi a yanzu ya fi arha a kan sauyi bayan shekara biyar. Ki fara da binciken da na bayyana wa mai tambaya ta uku, domin ki tabbatar babu wanda ya riga ki rajistar kalmar. Idan hanya a buɗe take, ki sa sabon sunan a allo da manyan baƙaƙe, ki bar tsohon a ƙasansa da ƙanana na 'yan watanni, ki riƙe lambar wayarki da launin allonki yadda suke, domin kada a zaci shagon ya canza hannu. Ki sanar da masu kawo miki kaya da masu bin ki bashi da waɗanda kike bi, a rubuce. Sannan ki je hukumar rajista da bankinki a gyara takardu, domin mai sayen da zai tura miki kuɗi ta waya yana duba sunan da ya fito a allon wayarsa kafin ya danna, kuma idan ya ga ya saɓa da wanda ke kan rasit, zai dakata ya kira ki ko ya fasa.